Yadda Ake Zaɓar Lokacin Ɗora Saman Kantar Kicin da Yadda Ake Kula da Shi

Dutse ba ruwansa da damina ko rani. Giranit ɗin da za a ɗora maka a kicin ya daɗe a cikin ƙasa kafin a fasa shi, ruwan saman mako guda ba zai canza shi ba. Abin da yanayi ke taɓawa shi ne duk abin da ke kewaye da dutsen: katakon kabad ɗin da zai ɗauke shi, gam ɗin da zai haɗe gaɓarsa (wato inda falle biyu suke haɗuwa), silikon ɗin bakin sinki, da bangon da zai jingina da shi. Na ɗora kanta iri-iri, kuma yawancin waɗanda ake kirana in duba bayan sun buɗe a gaɓa ko sun kumbura, kayansu masu kyau ne. An dai ɗora su ne a ɗakin da bai shirya karɓarsu ba. Saboda haka kafin ka duba kalanda, ka duba ɗakin.

Kayan da za ka tanada

Na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi, ƙaramin ma'aunin nan mai batir da ke nuna zafin ɗaki da danshin iska a fuska ɗaya. Sai tef ɗin awo, fensir, da lebul mai tsawon aƙalla mita 1. Sai kwali mai kauri na yanka samfurin kantar, da 'yan siraran katako ko roba na ciko a ƙarƙashin kabad.

Na haɗawa: gam mai haɗi biyu na dutse tare da launin da ya dace da dutsenka, silikon da bindigar matsa shi, salatif na takarda, reza, asiton (ruwan goge maiƙo da gam), fararen tsummoki masu tsabta, da maƙalan matsewa guda biyu. Idan dutsen asali ne, ka nemi ruwan kariyar dutse, irin wanda ke shiga cikin ƙofofinsa. Idan katako ne, sai samfefa, man katako, sukuru da washa masu faɗi. Ka ƙara da leda, fanka, takunkumi, tabarau da safar hannu.

Ka kuma tanadi mutane. Giranit mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80 a kowace murabba'in mita, mai santimita 2 kuma ya haura kilo 50. Ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Mataki na 1: San abin da za ka ɗora

Katako shi ne ya fi kowa jin yanayi. Yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma motsin nasa ta faɗi ne, ba ta tsawo ba. Falle mai faɗin santimita 60 yana iya ƙaruwa ko raguwa da milimita 5 tsakanin lokacin danshi da na bushewa. Biye da shi sai Formica da ire-irensa, domin a ƙarƙashin fatar nan mai sheƙi garin katako ne da aka matse, wanda in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa.

Kwaz na masana'anta garin dutse ne kusan kashi 90 cikin 100, sauran kuma ƙaron roba ne da launi. Ba ya shan ruwa, amma ƙaron ba ya son zafi mai yawa ko hasken rana kai tsaye. Giranit da marmara (wato mabul) su ne suka fi haƙuri da yanayi, sai dai suna da ƙananan ƙofofi da ke tsotse ruwa da mai, marmara kuma duk abu mai tsami yana cin fuskarta.

Mataki na 2: Auna ɗakin, sannan ka tsayar da rana

Ajiye ma'aunin a kicin ɗin na mako guda, nesa da taga da murhu, ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Abin da kake nema shi ne zafi tsakanin digiri 15 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyas, danshin iska kuma tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne su tsaya wuri ɗaya. Ɗakin da yake 45 yau, gobe 80, jibi 50, bai natsu ba tukuna.

Lokacin da na fi so shi ne tsakanin yanayi biyu, bayan ruwa ya ɗauke kafin iska ta bushe ƙarau, ko bayan sanyi ya sassauta kafin zafi ya kankama. A lokacin katakon kabad yana tsaka-tsaki, bai kumbura ba bai tsuke ba, duk inda ya motsa daga baya ba zai yi nisa ba. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara lissafin yana juyawa: cikin gida ya fi bushewa da hunturu saboda na'urar ɗumama ɗaki, danshi kuma da bazara yake zuwa. Shi ya sa ma'aunin ya fi sunan watan amfani.

Ba kowa ke da zaɓi ba, wani lokacin gini ne ke kaiwa inda ya kai. In dole ce ta sa za ka yi aikin cikin damina, ka rufe tagogi lokacin ruwa, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ta tsotse danshi kwana 3 kafin ranar, ka kuma ninka duk lokacin jira da aka rubuta a jikin gwangwani. In lokacin zafi ne, ka fara aikin gam da sassafe ka gama kafin rana ta take. In lokacin sanyi ne, ka ɗumama ɗakin tun daga jajibere, domin yawancin gam mai haɗi biyu ba ya kamawa yadda ya kamata a ƙasa da digiri 10. In kuma lokacin iska mai ƙura ne, ka toshe ƙofa da taga da leda, don ƙura tana manne wa ɗanyen silikon kuma ba ta fita.

Idan ba ka samu ma'aunin ba, zuba ruwa da ƙanƙara a kofin gilashi ka ajiye minti 4. In jikin kofin ya yi gumi har yana gangarowa, danshi ya yi yawa. In ko raɓa bai yi ba, iskar ta bushe sosai. Ƙofar kabad ma tana ba da labari: wadda a da take rufuwa salin-alin, yanzu sai an danna ta, ta sha danshi.

Mataki na 3: Bari aikin ruwa ya bushe

Filasta, siminti, tayil da fenti duk ruwa suke fitarwa cikin ɗaki har tsawon makonni. Sabon kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya yi ƙarfinsa, bushewarsa kuma takan wuce haka. Ga gwaji mai sauƙi: yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a bango ko daɓe da salatif ta ko'ina, ka bar ta ta kwana. In da safe ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, ka ƙara jira. Wannan gwajin ya zama dole idan a kan ginin kankare za a shimfiɗa dutsen, domin danshin ƙasa yana ratsowa ya yi wa marmara da farin giranit tabo daga ciki.

Mataki na 4: Daidaita kabad, sannan a ɗauki awo

A kafa kabad a ɗaure shi da bango tukuna. Ɗora lebul a tsaye da kwance, gaba da baya. Bambancin da za a lamunta bai wuce milimita 3 a cikin mita 3 ba. Inda ya sauka, ka cusa ciko a ƙarƙashin ƙafar kabad. Dutse ba ya lanƙwasa ya bi karkataccen kabad, sai dai ya zauna a kan wurare biyu ko uku tsakiyarsa a iska, ranar da wani ya hau kai don canza ƙwan fitila sai ya tsage. In babu dogon lebul, tiyo mai haske da aka cika da ruwa yana yin aikin, domin ruwan bakinsa biyu kullum a layi ɗaya yake tsayawa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar awo kafin kabad ya zauna, ko aika wa mai yanka lambobi kawai. Bango ba ya miƙewa sak. Ka shimfiɗa kwali a kan kabad, ka yanke shi ya bi bangon yadda yake, ka zana wurin sinki, famfo da murhu a kai. Sinkin da murhun su kasance a hannu ranar awo. Ka bar bakin kantar ya fito kamar santimita 3 gaban kabad. Inda za a zauna a ci abinci kuwa, dutse mai kaurin santimita 3 kada ya wuce santimita 25 a iska ba tare da madogara ba, mai santimita 2 kada ya wuce 15. Gaɓa kuma a sa ta inda akwai kabad a ƙarƙashinta.

Mataki na 5: Shigo da kayan su saba da ɗakin

Dutse a tsaye ake ɗaukarsa, a kan gefensa, kamar yadda ake ɗaukar gilashi. Aka ɗauke shi a kwance, nan ne yake karyewa ta siririn wurin da aka huda wa sinki. A jingina shi a cikin kicin ɗin, a kan katako, ya kwana ɗaya aƙalla.

Dalilin wannan kwanan a fili yake ga duk wanda ya taɓa shigo da dutse mai sanyi cikin ɗaki mai ɗumi. Kafin minti 10 za ka ga fuskarsa ta dushe, ka ja yatsa a kai ya bar layi, ruwa siriri ya kwanta a ko'ina har bakin gaɓar da za a shafa wa gam. Gam ɗin da aka shafa a kan wannan raɓar zai yi kamar ya kama, amma a kan ruwa yake zaune. Haka dutsen da ya sha rana a bayan mota, hannu ma ba ya jure shi, gam yana taɓa shi zai sandare kafin a haɗa.

Formica tana son awa 48. Katako kuma kwana 3 ne mafi ƙaranci, mako guda ya fi. A cire masa leda, a kwantar da shi a kan sanduna don iska ta ratsa sama da ƙasa. Kada a jingina shi da bango ko a ajiye shi a daɓen siminti, zai bushe ta gefe ɗaya ya banƙare. In kana da ma'aunin danshin katako, ka nemi lambar da ta yi kusa da ta katakon kabad ɗin da ke ɗakin. In babu, ka ɗauki guntun da aka yanke ka riƙa ɗora shi a sikeli kullum. Ranar da nauyinsa ya daina canzawa, ya saba.

Mataki na 6: Ranar ɗorawa

Fara da gwaji ba gam. A ɗora kowane falle a wurinsa, a duba gaɓa da bango, a sake ɗora lebul. Ka bar tazarar milimita 3 tsakanin kanta da bango ta kowane gefe, silikon ne zai rufe ta daga baya. In akwai abin da za a rage, a fitar da fallen waje a yanka da ruwa, mai yankan sanye da takunkumi na gaske. Ƙurar dutse, musamman ta kwaz, tana janyo ciwon huhu da ba ya warkewa, har ta kai ƙasar Ostireliya ta haramta aiki da dutsen masana'anta daga 1 ga Yulin 2024. Kada ka yarda a yanka shi a bushe cikin gidanka, ko da santimita ɗaya ne.

In komai ya zauna, a ɗaga fallen, a ɗiga silikon a saman kabad nan da can, tazarar kamar taƙi ɗaya, a mayar. Nauyin dutse ne ke riƙe shi, silikon ɗin hana shi zamewa kawai yake yi, kuma yana barin kabad ya motsa ba tare da ya ja dutsen ba. Shi ya sa ba a manna dutse da kabad da gam mai tauri.

Gaɓa ita ce wurin da gwaninta ke fitowa. Goge bakunan biyu da asiton su bushe. Manna salatif a sama gefe da gefe, ka bar siririn layi kawai. Ka fara garwaya launi da kashin farko na gam ɗin har ya yi kama da dutsen, sai daga ƙarshe ka sa mai sandarar da shi, daidai gwargwadon da aka rubuta. Daga nan agogo ya fara. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage lokacin aikin gam da kusan rabi, wato wanda ke ba ka minti 10 a ɗaki mai daɗi, minti 5 zai ba ka da tsakar zafi. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, ka baza shi a kan kwali maimakon tara shi wuri ɗaya, domin tarin gam yana ɗumama kansa. Da ka ji ya fara jan sanda yana zare, ya wuce, ka zubar ka kwaɓa sabo. Cikin sanyi kuma wasu kan ƙara mai sandararwa don ya yi sauri. Kada ka yi haka, gaɓar tana fitowa da gautsi, launinta ma ya canza.

Shafa a bakunan biyu, a turo fallen, a matse har gam ya ɓullo sama. In babu na'urar jan gaɓa, ka manna 'yan guntayen katako a gefe biyu da gam ɗin kyandir mai zafi, ka matse su da maƙalai, daga baya a ɓamɓare. Ja reza a tsaye ta ratsa gaɓar: in ta yi tuntuɓe, gefe ɗaya ya fi tudu, ka gyara da ciko tun gam yana ɗanye. In ya fara tauri sai ka kankare rarar da reza.

Masu Formica su kula da wani abu. Gam ɗin da ake shafa wa fuska biyu a bari ya sha iska yana son ɗaki mai digiri 18 zuwa sama. Cikin danshi yakan yi fari-fari a sama, alamar raɓa ta sauka a kai. Ka jira ya washe kafin ka haɗa, domin da fuskokin sun taɓa juna ba gyara.

Mataki na 7: Idan katako ne

Kafin a ɗora shi, a shafa masa mai ta fuska shida: sama, ƙasa, gefuna, da kawuna biyu, har cikin ramin sinki. Kawunan sun fi shan ruwa, a ba su sau uku. Wanda aka shafa wa sama kawai ƙasansa zai ci gaba da shan danshi, ya lanƙwashe.

Ba a sa masa gam. A huda ramin sukuru a jikin kabad ya fi sukurun faɗi, ko a yi shi dogo ta gaba zuwa baya, a sa washa, a ɗaure ba can-can ba, yadda katakon zai iya zamewa. Tazarar bango kuwa yanayin ranar ne ke yanke ta. In iska a bushe take, katakon a tsuke yake kuma zai buɗe nan gaba, ka bar masa milimita 5 ko 6. In cikin danshi ne, ya riga ya kumbura, milimita 3 ta isa. Inda injin wanke kwanuka ko tanda ke ƙasa, a manna fallen alminiyam a ƙarƙashin katakon don tare tururi.

Mataki na 8: Silikon da jira

Ga marmara da giranit ka sayi silikon wanda aka rubuta na dutsen asali ne. Mai warin khal ɗin nan yana cin marmara, wasu kuma suna barin inuwa mai duhu a bakin dutse. Ka sa salatif sama da ƙasa, ka matsa layi ɗaya, ka shafe da yatsa sau ɗaya, ka cire salatif nan take.

Silikon da danshin iska yake nuna, wato yake yin ƙarfi, saboda haka a busasshiyar iska mai sanyi ya fi jinkiri. Samansa yana yin fata cikin minti 20, amma cikinsa milimita 2 zuwa 3 kawai yake nuna a kwana. A bar sinki awa 24 kafin mai aikin famfo ya ɗaura bututu, awa 48 in da sanyi.

Mataki na 9: Ruwan kariya

Giranit da marmara kaɗai ke bukatarsa, kwaz ba ya so. Ɗiga ruwa kamar cokali ɗaya a kan dutsen ka jira minti 15, ka goge. In wurin ya yi duhu, dutsen yana sha. Sai ya bushe sarai ake shafawa, in ba haka ba ka kulle danshi a ciki ya yi hazo. Dutsen da aka yanka da ruwa a ba shi kwana 2, cikin damina fiye da haka. Ka shafa ya jiƙu, ka bar shi minti 10 zuwa 20 ko yadda aka rubuta, sannan ka goge rarar tas kafin ta bushe. Wadda ta bushe a sama ita ce ke barin dabbare-dabbare masu danƙo. A buɗe taga, kuma kada a jiƙa wurin sai bayan awa 24.

Kula da shi bayan an gama

Na kullum ba shi da yawa: ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, tsumma mai laushi, sannan a tsane da busasshe. Tsanewar nan ita ce mutane ke tsallakewa, ita ce kuma ke hana farin tabon ruwa a gindin famfo. Khal, lemun tsami da soson ƙarfe kada su kusanci dutsen asali. Abin da ya zube a ɗauke shi da dannawa, gogewa baza shi take yi. Tukunya daga wuta a ɗora ta a kan abin tare zafi, ko a kan giranit ne, balle kwaz da ƙaronsa ke ƙonewa ya bar zoben da ba ya fita. A yi yanka a kan katakon yanka. In taga tana zubo rana a kan kwaz kullum, a sa labule, don yana sauya launi.

Tabon mai a dutse ana jawo shi ne waje. Kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri, ka lafta a wurin, ka rufe da leda ka manne gefuna, ka bar shi awa 24 zuwa 48, sannan ka cire ledar ya bushe ka kankare. Wani sai an maimaita. Amma dushewar da tsami ya yi wa marmara ba tabo ba ce, fuskar ce ta ciwu, sai hodar goge marmara ko mai injin gogewa.

Sau biyu a shekara, duk lokacin da yanayi ya juya, ka zagaya kantar. Kafin damina ka bi silikon ɗin sinki da na bango da yatsa. Wanda ya ɗago ko ya yi baƙi a yanke shi gaba ɗaya a sa sabo, domin sabo ba ya kama tsoho. Ka leƙa ƙarƙashin sinki da tocila, musamman in Formica ce, ka shafa bakin ramin ka ji ko ya fara tudu. Ka maimaita gwajin ɗigon ruwa a kusa da murhu da sinki, inda kariya ta fi saurin cinyewa.

Da iska ta fara bushewa kuma, katako ne abin dubawa. In ya yi fari, ko ɗigon ruwa ya daina tsayawa a kansa, yana son mai. Ka yi amfani da farafin na ruwa mai tsabta da ake samu a kantin magani, ko man da aka yi don katakon abinci. Man girki yana lalacewa a cikin katako ya yi wari. Ka shafa da yamma, ya kwana, ka goge da safe. In man linsid ka yi amfani da shi, ka shanya tsumman a baje a waje, domin in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa. Ƙaramar tsaga da ta buɗe a busasshen lokaci kada ka yi saurin cike ta da abu mai tauri, sau da yawa tana rufewa in danshi ya dawo, kuma abin da ka cusa shi zai ƙara tsaga ta. Ka cika ta da kakin zuma da aka narka da ɗan mai, ka sassauta sukurun da ke kusa da wurin da rabin juyi.